DARASINMU NA WANNAN FITOWA: DAGA INA MALAMINKA YA FITO?



Ya ku ɗalibai maza da mata, da ku iyayenmu da kukan karɓi wannan mujalla daga hannun yara ku duba bayan sallar isha'i, muna yi muku fatan alheri. Bayan haka, darasinmu na wannan karo ba na fiƙihu ba ne, ba kuma na tajwidi ba. A kan mutumin nan ne da yake tsayawa gabanku kullum da alli a hannu, wato malami.

Ga abin da ya jawo maganar. Kwanakin baya na tambayi 'yan aji shida, na ce kowa ya faɗi abin da yake so ya zama in Allah Ya raya shi. Wannan ya ce likita, wancan ya ce soja, wata ta ce lauya, har da mai son zama gwamna. Da na ce, "To, wa zai zama malami?" sai aji ya yi tsit, can kuma aka fashe da dariya. Wani yaro daga bayan aji ya ce, "Malam, ai malanta sai wanda ya rasa abin yi."

Ban doke shi ba, ban kuma yi masa faɗa ba, don na san ba a bakinsa maganar ta fara ba. A gida ko a bakin titi ya tsince ta. Amma ta kwana a raina. In duk masu ƙoƙari a cikinku suka guje wa alli, to wa zai karantar da ƙannenku, wa kuma zai karantar da 'ya'yanku? Saboda haka na ga ya dace mu zauna mu bi sawun malamai, mu ga gidajen da suka fito, da hanyoyin da suka bi kafin a kira su Malam. In mun gama, kai da kanka za ka yanke hukunci ko wanda ya rasa abin yi ne yake bin irin wannan hanya.

MU FARA DAGA KUFENA

Ya kai ɗalibi, ba sai mun yi nisa ba. In an yi hutu, nemi izinin iyayenka, ku hau dutsen Kufena da wani babba, ka duba gabas da arewa. Masana tarihi sun nuna cewa mutane sun zauna a gindin wannan dutse tun kafin birnin Zariya ya zama yadda muka san shi, ga kuma ragowar tsohuwar ganuwa nan tana shaida. To amma yau ba ganuwa za mu ƙirga ba, makarantu za mu ƙirga.

A ƙasanka ga Wusasa da Kwalejin Kufena, wadda a da ake kira St. Paul. Can cikin birni ga Alhudahuda, wadda kakanninku suka sani da Midil ta Zariya, ga kuma zaurukan malamai a unguwanni irin su Juma da Kona. A kan hanyar Gaskiya ga Barewa. Gaba kaɗan ga babbar kwalejin horon malamai da aka buɗe a 1962, wadda daga baya aka sani da FCE. Can Samaru da Kongo kuma ga Jami'ar Ahmadu Bello, ita ma a 1962 aka buɗe ta. Ba banza ake ce wa Zariya birnin ilimi ba. Sai dai ka sani, gini ba ya karantar da kowa. Kowane ɗaki a cikin waɗannan gine-gine akwai mutumin da yake shiga da safe ya buɗe baki, kuma kowannensu yana da hanyar da ya biyo. Manyan hanyoyin guda biyu ne: ta zaure da ta boko. Za ka ga cewa a wurin mafi yawan malaman da za mu ambata, hanyoyin biyu haɗuwa suka yi.

HANYAR ZAURE

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma har gobe ana bin ta. Yaro yakan fara da allo yana ɗan shekara huɗu ko biyar. Ya yi babbaƙu, ya yi farfaru, ya iya haɗa baƙi, sannan ya riƙa wanke allo ana rubuta masa na gaba, har Allah Ya sa ya sauke. Wanda ya ɗauki fannin hadda yakan tashi daga kolo ya zama titibiri, ya zama gardi, in ya dage ya kai alaramma. Ƙalilan ne suke kai wa matsayin gwani.

Amma sauka ba ita ce ƙarshe ba, ƙofa ce. Daga nan sai makarantar ilimi. A fiƙihu a fara da Ƙawa'idi, a yi Ahalari, a yi Ishmawi da Iziyya, a shiga Risala, mai nisan zango ya kai Muhtasar. A nahawu a fara da Ajurumiyya kafin a tunkari Alfiyya. Ga lugga, ga hadisi, ga tafsiri. A zaure babu ƙararrawa, babu jarrabawar ƙarshen zango. Kowa yakan zo da littafinsa ya zauna a buzu ko tabarma ya jira layi. In an zo kansa ya ja baƙi, malam ya fassara, ya yi bayani, sai gobe kuma. Littafi ɗaya yakan ci shekara biyu ko uku. In ɗalibi ya ƙware, malam ya ba shi izini ya karantar, shi ma ya shimfiɗa tasa tabarmar. Shi ya sa in ka tambayi malamin zaure takardarsa, sai ya lissafa maka malamansa: na karanta wurin wane, shi kuma ya karanta wurin wane.

Zariya ta yi suna ƙwarai a wannan hanya, musamman a fannin nahawu da lugga. Ɗalibai sukan taso daga Kano da Katsina da Bauchi da ƙasar Nufe su zo su zauna shekaru. Ka kuma tuna cewa Malam Musa, wanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba tutar Zazzau a farkon ƙarni na 19, malami ne kafin ya zama sarki. Shi kansa Shehu da karantarwa ya fara, kuma bai ɓoye sunayen malamansa ba, irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Da me irin waɗannan malamai suke cin abinci? Da yawansu manoma ne, wasu maɗinka riguna da huluna, wasu masu rubutun littattafai da hannu, ga ɗan kuɗin Laraba da iyaye suke bayarwa. To, ka ji fa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana durƙuso gaban wani don ya san abu, yana noma da damina don kada ya roƙi kowa, shi ne za a ce ya rasa abin yi?

HANYAR KWALEJI

Da Turawa suka kafa makarantun boko a Arewa, sai suka rasa masu koyarwa. Saboda haka aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, kuma aikinta na farko shi ne horon malamai. An mayar da ita Kaduna a 1938, sannan aka kawo ta Zariya a 1949, aka raɗa mata suna Barewa a 1971. Wato Barewar nan da kuke wucewa ta gabanta, asalinta makarantar malamai ce.

Dubi waɗanda suka fito daga cikinta, ka dubi gidajensu. Ahmadu Bello jinin Shehu ne, ɗan gidan sarauta. Ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934, sannan aka naɗa shi hakimin Raɓa. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ɗan talaka ne daga ƙasar Bauchi. Ya gama a 1933, ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta, ya je Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945. Aminu Kano ɗan gidan malamai ne, mahaifinsa muhuti ne a kotun alƙali, kuma a cikin gida ya fara karatun Alƙur'ani. Ya koyar a Bauchi da Maru, kuma shi ne ya tsaya aka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Shehu Shagari ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu.

Na farko ya zama Firimiyan Jihar Arewa, na biyu Firayim Ministan Nijeriya, na huɗu shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Na ukun kuwa, duk da gwagwarmayar siyasar da ya yi har ya rasu a 1983, babu sunan da ya bi shi sai Malam. Ka ga a nan, ɗan sarki da ɗan talaka da ɗan malami duk alli ɗaya suka riƙe. A wancan zamani, yaron da ya fi kowa ƙoƙari a aji shi ake zaɓa a tura horon malanta.

MARAYAN DA YA KOYAR A HUNƘUYI

Bari mu dawo gida. Kowa a cikinku ya ji sunan marigayi Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris, Allah Ya jiƙansa. Amma mutum nawa ne a cikinku suka san cewa malamin makaranta ne?

An haife shi a 1936. Da karatun allo ya fara, kamar yadda kuka fara. Bai shiga Elemantare ba sai a 1947, yana da shekara 11 ke nan, wato ya girmi da yawa daga cikin 'yan ajinmu na huɗu. Yana cikin wannan makaranta mahaifinsa ya rasu. Duk da maraici bai bar karatu ba. Ya shiga Midil ta Zariya a 1950, ya gama a 1955, ya wuce kwalejin horon malamai ta Katsina. Da ya fito, sai aka tura shi ƙauye, ya koyar a Hunƙuyi, daga baya ya koyar a wasu makarantu a Zariya.

Daga aji ne aka ɗauko shi ya zama sakataren Sarkin Zazzau Muhammadu Aminu. A 1965 ya zama sakataren majalisar En'e ta Zariya, a 1973 aka naɗa shi Ɗanmadamin Zazzau, a 1975 ya hau gadon sarauta. Ya yi shekara 45 yana sarauta, ya rasu a watan Satumba na 2020.

Abin lura guda biyu ne. Na ɗaya, kai da aka sa ka makaranta a makare, ko kai da ka rasa mahaifi, kada ka ce taka ta ƙare. Sannu ba ta hana zuwa. Na biyu, jikan sarki ne, amma da aka ce ya tafi ƙauye ya koyar da 'ya'yan manoma, tafiya ya yi.

WA DA ƘANE DAGA KAGARA

Wa bai san Magana Jari Ce ba? To, mai littafin malamin aji ne. An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara a 1911, a gidan malamai. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1927 zuwa 1932, ya kama koyarwa a Midil ta Katsina. Yana wannan aiki ne aka sa gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, ya rubuta Ruwan Bagaja. Jami'in da ya shirya gasar, Dokta Rupert East, ya ga hazaƙarsa, sai ya nemi a ba da aronsa. A 1936 ya zo Zariya ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, don yara su sami abin karantawa a makaranta. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shi aka ɗauko ya zama editanta na Hausa. A nan Zariya ya zauna har Allah Ya yi masa rasuwa a 1981.

Ka lura, bai daina koyarwa ba, ajin ne ya faɗaɗa. Da yana koyar da yara talatin, sai ya koma koyar da duk wanda ya iya karanta Hausa. Kuma da bai tsaya gaban yara ya ga abin da yake sa su dariya da abin da yake sa su gyangyaɗi ba, da wuya ya iya rubuta littafin da har yau yaro yake ɗauka ya kasa ajiyewa.

Amma akwai wansa, wanda ba a cika ambata ba, Malam Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki. Shi ta hanyar Larabci ya biyo. Ya yi shekaru masu yawa yana koyar da Larabci da addini a Kwalejin Katsina, a lokacin da su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suke ɗalibai a can. Daga baya ya yi alƙalanci, ya zama Walin Katsina. Ka ga ke nan waɗancan manya da muka lissafa, a cikin kwalejin boko ma ba su rabu da malamin Larabci ba. Wannan shi ne abin da makarantun Islamiyya irin tamu suke ƙoƙarin yi: a haɗa biyun a ƙirji ɗaya.

KE MA DA KE AKE

Ya ke ɗaliba, kada ki ce wannan zance na maza ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Amma babban aikinta shi ne horon malamai mata. Ta zaɓi dattawan mata amintattu daga ƙauyuka, ana kiran kowace jaji, ta naɗa musu malfa don a san su. Sukan zo wurinta da ayarin mata da 'yammata, su ɗauki karatu a waƙe don ya yi sauƙin riƙewa, su koma su koyar a garuruwansu. Su ne ake kira 'yan taru. Wato tun kafin a gina kwalejin horon malamai ko ɗaya a ƙasar nan, ga mace tana yi a cikin gidanta.

A zamaninmu kuma ga Hajiya Aisha Lemu. A Ingila aka haife ta a 1940, ba a gidan Musulmi ba. Ta musulunta a 1961 tana ɗaliba a jami'a a Landan. A 1966 ta zo Kano ta koyar a Makarantar Nazarin Larabci. Ta shugabanci kwalejin 'yammata ta gwamnati a Sakkwato, da kwalejin horon malamai mata a Minna. Ta rubuta littattafan darasin addinin Musulunci da aka yi ta amfani da su a makarantun sakandare, kuma ita ce shugabar farko ta ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a 1985. Ta rasu a Minna a watan Janairu na 2019. Ɗaya 'yar Shehu, ɗaya baƙuwa daga ƙetaren teku, amma aikin ɗaya ne.

Ki sani, akwai iyaye da yawa, musamman a ƙauyuka, da ba sa sakin jiki su bar 'ya mace ta ci gaba da makaranta sai sun ga akwai malama a wurin. In kika zama malama, ba ke kaɗai kika yi karatu ba, kin buɗe wa wasu ƙofa.

LIKITA MA MALAMI NE

Wanda ya ce shi likita yake so ya zama, madalla. Amma wa yake koyar da likita? A nan gindin Kufena, a makarantar mishan ta Wusasa, wani yaro Bahaushe Kirista daga Anchau ya yi karatunsa na farko. Shi ne Farfesa Ishaya Audu. Ya zama likitan yara, ya koyar da aikin likita a jami'a, kuma a 1966 ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ya riƙe ta har 1975. Wanda ya gaje shi, Farfesa Iya Abubakar, tsohon ɗalibin Barewa ne kuma malamin lissafi. Saboda haka ba dole ne ka zaɓi tsakanin likitanci da malanta ba. Duk fannin da ka ƙware a kai, akwai mai jiran ka koya masa.

KADA A YI MINI GURGUWAR FAHIMTA

Wani zai ce, "Ashe malanta tsani ce, a taka a hau mulki." A'a, ba haka nake nufi ba. Na kawo sunayen waɗannan ne don su aka rubuta tarihinsu, kowa yana iya bincikawa. Amma a bayan kowane ɗayansu akwai malamai goma da babu wanda ya rubuta sunansu. Wa ya koya wa Shehu Idris alif da ba? Wa ya fara kama hannun Abubakar Imam ya ɗora a kan allo? Irin waɗannan sun shiga aji suna samari, sun fito da furfura, ba mota, ba sarauta. Su ne ginshiƙin, sauran ado ne.

Ba kuma zan ɓoye muku ba, aikin yana da wuya. Albashin bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma yakan makara. Malamin Islamiyya kuwa sau da yawa ɗan abin da iyaye suka biya ne ake rabawa, in ba su biya ba ya haƙura. Wannan ce ta sa masu ƙoƙari suka fara gudu. Da aka fara shirin ba kowa ilimin firamare kyauta, wato UPE, a 1976, yara suka cika makarantu, aka shiga neman malamai ido rufe, aka riƙa gajarta horo. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su ci ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta ƙi yarda da yadda aka yi, har ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ba mu zo nan don mu raba wannan gardama ba. Abin da ya shafe mu shi ne, ruwa ba ya tsami banza. In al'umma ta yi shekaru tana gaya wa 'ya'yanta masu ƙwazo cewa malanta ta wanda ya rasa abin yi ce, to wata rana sai maganar ta tabbata, kuma 'ya'yanta ne za su zauna a gaban wanda ya rasa abin yin.

TO, YAU TA INA AKE BI?

Ga wanda Allah Ya sa wa sha'awa, ga hanyar a taƙaice:

1. Ka riƙe karatunka na Islamiyya da na boko duka biyu. Ka gyara karatun Alƙur'ani, ka gyara rubutunka na ajami da na boko. Malamin da ya iya biyun ba ya rasa wurin aiki.

2. Ka gama sakandare da sakamako mai kyau, ko ta jarrabawar WAEC, ko NECO, ko NBAIS ta masu Larabci da addini.

3. Takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, wadda iyayenku suka sani, an daina ta. Yanzu mafi ƙanƙantar takardar da ake nema ita ce NCE, karatun shekara uku, a ciki har da gwajin koyarwa a aji na gaske. Akwai kuma digirin ilimi a jami'a. Wanda ya yi digiri a wani fanni yana iya ƙara difloma ta koyarwa.

4. Bayan nan sai rajista da hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993 don tantance malamai.

5. Kada takarda ta raba ka da zaure. Ka sami malamin da za ka riƙa ɗaukar karatu wurinsa ko bayan ka fara koyarwa. Ranar da malami ya daina ɗalibta, ranar ya fara tsufa.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau, in ka koma gida, zaunar da ƙanenka ka biya masa karatun da aka yi. In ka ga ka yi bayani sau uku bai gane ba, kuma maimakon haushi sai ka ji kana neman wata dabara ta huɗu, to akwai malami a cikinka.

GA IYAYENMU

Iyaye, a gafarce mu, kalma biyu. Yaro yana jin abin da ake faɗa a kan malaminsa a tsakar gida. In ya ji ana raina shi, gobe ba zai saurare shi ba, jibi kuma ba zai so ya zama irinsa ba. In ɗanku ko 'yarku ta ce malanta take so, kada a ce mata, "Duk ƙoƙarin nan naki a nan za ki ƙare?" A sa mata albarka. In malami ya zo neman aure, a dubi halinsa da addininsa kafin a dubi abin hawansa. Kuɗin makaranta kuma, don Allah a riƙa biya a kan kari, domin shi ne tuwon gidan wani.

TAMBAYOYI

1. Kawo littattafai uku na fiƙihu da ake karantawa a zaure, bi da bi.
2. A wace shekara aka kawo Kwalejin Barewa Zariya, kuma don wane aiki aka fara kafa ta?
3. A wane gari Sarkin Zazzau Shehu Idris ya koyar bayan ya gama horon malanta?
4. Su wane ne 'yan taru, kuma mene ne aikin jaji?
5. Me ya haɗa Malam Bello Kagara da Alhaji Abubakar Imam, me kuma ya bambanta hanyoyinsu?

AIKIN GIDA

Ka sami malami ɗaya, na allo ko na Islamiyya ko na boko, mace ko namiji. Ka yi sallama, ka gaishe shi cikin ladabi, ka nemi ya ba ka lokaci. Ka tambaye shi inda aka haife shi, da sana'ar iyayensa, da wanda ya fara koya masa karatu, da wahalar da ta fi tsaya masa a rai, da dalilin da ya sa bai bar aikin ba. Ka rubuta a shafi ɗaya, da ajami ko da boko, ka kawo wa malamin ajinku. Waɗanda suka fi kyau za mu buga su a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda, bayan mun nemi izinin masu labarin.

Shi kuwa yaron nan na bayan aji, na riga na ba shi nasa aikin. Ni zai yi wa tambayoyin.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa waɗanda suke raye da alheri, Ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.

Wassalamu alaikum.